Yadda ake saƙa ƙwallon ado na bishiyar Kirsimeti

Toh jama'a barkanku, yau ƙwallon nan da ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti za mu saƙa, na zaren ulu, wanda ko ya faɗo ƙasa ba ruwansa da fashewa irin na gilas.

Kayan aikin ba yawa. Zare kala biyu, ja da fari aka fi yi, ragowar zaren da ya rage muku a wani aikin ma ya isa. Sai alluran saƙa guda 5 masu tsini gaba da baya, milimita 2.5 ko 3, sai audugar cushe, sai allurar ɗinki mai babban hanci. Ku ɗauki allurar da ta ɗan fi wadda aka rubuta a takardar zaren siranta, dalili kuwa so muke saƙar ta matse sosai, in ta yi sako-sako audugar ciki za ta dinga leƙowa ta ramuka kuma ba gyara sai warwarewa.

Za ku fara da ido 12, wato madaukan zaren da ake jerawa a kan allura, ku raba su a allura 4, uku-uku, ta biyar ɗin ita ce mai aiki. Nan ne wajen da ya fi ban haushi gaskiya, allurai na zamewa, hannu ya rasa wacce zai riƙe, ku dai daure layi uku na farko, daga nan komai zai zauna. A layi na biyu ku ƙara ido ɗaya a kowace allura su zama huɗu-huɗu. Daga nan sai ƙari biyu a kowace allura, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, layi ɗaya a ƙara layi ɗaya a wuce haka nan, 6, 8, 10, har ku kai 16. Jimla 64 kenan, cikin ƙwallon ya buɗe. Ku yi kamar layi 12 ba ƙari ba ragi, sannan ku fara ragewa yadda kuka ƙara.

A tsakiyar nan ake saka zane. Wanda nake sakawa tauraron nan ne mai kusurwa 8 da ake kira furen Selbu, sunan wani gari a ƙasar Norway da ya shahara da saƙa shi a safar hannu tun ƙarni na 19, kuma ido 16 ɗin nan ya ishe shi zama daram a kowane gefe.

Yanzu ku duba bayan saƙar da kyau, dan nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Lokacin da kuke saƙa da ja, farin yana bi ta baya yana jiran a zo kansa, toh in kuka ja shi da ƙarfi saƙar za ta tattare, ƙwallon ya fito da ƙugu a tsakiya, duk cushen da za ku yi ba zai zama zagaye ba. Kafin ku canja kala ku ɗan baza idanun da ke kan allurar dama da yatsa, sannan ku ɗauko zaren, ya kwanta a sake. In kuma kala ɗaya za ta wuce ido 5 a jere, ku sarƙe ɗayan a tsakiya kar ya yi lilo.

Idan saura ido 12 ku tsaya, ku yanke zaren da ɗan tsayi, ku zura shi cikin idanun amma kar ku ja tukuna. Ku ɗinke ramin ƙasa. In zaren ulu ne zalla ku ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai ku ɗan turara da dutsen guga, zanen zai daidaita. Cushen kuma kaɗan-kaɗan ake yi, ana yagar audugar ana tura ta gefe-gefe da yatsa, in kuka danna dunƙule guda zai yi tudu da kwari. Ni na fi son ya cika tam, sai na matsa ya dawo da kansa nake ja in rufe bakin.

Maratayi ku kitsa zare ko ku yi sarƙa da kwarashi, santimita 15 ya isa, ku ninka ku ɗaure a saman. Wajen ratayawa ku nisanta shi da kyandir, musamman in zaren na roba ne dan narkewa yake, fitilun LED sun fi dacewa tunda ba sa zafi sosai. Bayan biki kuma ku adana na ulun a leda ko roba mai murfi saboda asu.