Maraba da Mai Girma Kwamishina Zuwa Baje Kolin Zanen Ɗalibanmu

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A gafarce mu da zafin ɗakin nan, janareto ne ya ƙi tashi tun safe.

Ranka ya daɗe na ga tun daga bakin ƙofa kana kallon hotunan da ke bangon dama kana neman kansu da gindinsu, to kwafin ayyukan Ibrahim El-Salahi ne, mutumin Sudan, su yaran nan suka zauna da su zangon nan. An haife shi a Omdurman a 1930, babansa malamin makarantar allo ne, da tawada da alƙalami ya buɗe ido. Ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo Khartoum a 1957 ya baje abin da ya koyo, mutanen garinsu suka zo suka leƙa suka wuce abinsu. Sai ya koma kan allo, ya riƙa ɗaukar harafin Larabci yana ja yana lanƙwasawa har harafin ya daina karantuwa, fuska ko jinjirin wata ya ɓullo daga ciki. Kuma sai ya yi alwala ya yi sallah kafin ya taɓa takarda, ni gaskiya nan ne ya kama ni.

A 1975 gwamnatin Numeiri, shugaban Sudan na lokacin, ta kulle shi a gidan yarin Kober wata shida ba shari'a, wai da hannunsa a yunƙurin juyin mulki. A can ɗin ma bai fasa ba, takardar buhun siminti yake yagawa ƙanana ya yi zane ya binne a yashi kar gandiroba ya gani.

Waccan mai tsayayyun layuka kuwa itace ce, haraza suke ce mata, mu gawo muka sani, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani. Ya yi shekaru yana zana ta. A 2013 Tate Modern, babbar cibiyar baje kolin zane ta Landan, ta baje ayyukan rayuwarsa, ɗan Afirka na farko da ta yi wa haka.

Na yaranmu na bangon hagu, wasu da tawadar allo suka yi dan fenti ya yi mana tsada. Bismillah ranka ya daɗe, ta nan za mu fara, a dai kula da babbar riga, na ƙarshen can bai gama bushewa ba.