Maganin wanke nozul: yana aiki ko asarar kuɗi ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a filin ajiye motoci nake, sanyin ƙasar nan kuma yau ba ya wasa. Ga tsohuwata nan, Corolla ƙirar 2009. Bari in matso da kyamara ku ga mita: kilomita 243,000 da 'yan kai. Wannan 'yar kwalbar da ke hannuna kuwa, ita ce wadda kuka dame ni da tambaya a kanta, maganin da ake zubawa a tanki wai ya wanke hanyar mai.

Yana aiki, amma aiki ɗaya tak ya iya: narkar da dauɗa. Duk lokacin da ka kashe mota, ɗan fetur yakan rage a bakin nozul, wato abin da ke fesa wa injin mai, zafin injin ya soya shi ya zama dauɗa. Shekara da shekaru ramukan su tsuke, maimakon nozul ya fesa mai kamar hazo sai ya riƙa tsartuwa. Daga nan mota ta fara rawa in tana silo, ka taka totur ta yi jinkiri kafin ta amsa, shan mai ya ƙaru. Wannan dauɗar ce maganin yake narkarwa.

To amma ba kowace kwalba ba. Juya bayanta ka nemi haruffa uku, PEA. Kun gani nan, ƙasa da yatsana? Shi ne sinadarin da ke jure zafi har ya ci dauɗar da ta daskare, shi ne kuma ke cikin Techron na kamfanin Chevron. Da yawa daga masu arahar nan, rabinsu abu ne mai kama da kananzir, ga kwalba mai ƙyalli, aiki kaɗan.

Ni ma na taɓa yarda da ƙaryar cewa wanke hanyar mai yana magance kowace matsala. Bara motar nan ta fara jijjiga da safe, wani gareji suka ce ai sai an yi mata wankin hanyar mai gaba ɗaya. Na biya, na dawo gida, washegari tana nan yadda take. Da na saka 'yar na'urar karanta matsala sai ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Kwayil ne ya mutu, wato abin da ke ba filogi wuta. Minti goma na canza shi, da filogi huɗu, shi ke nan ta yi tsit. Da na zuba kwalba ashirin, kwayil ɗin nan ba zai tashi ba. Haka famfon mai da ya gaji, ko tiyon iska da ya tsage, ko injin da ya fara shan baƙin mai.

Sai abin da masu talla ba sa son faɗa. Tawa irin tsohon tsarin ce, ana fesa fetur a bayan bawul, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga silinda, saboda haka maganin yana wanke bawul ɗin a kan hanyarsa. Motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu rubutun GDI ko TSI, fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Ka ga duk abin da ka zuba a tanki ba zai kai wurin ba. Su sai an buɗe an kankare, galibi da garin ɓawon goron walnut ake feshe su. Abokin aikina ya sha mamaki da ya ga nasa bawul ɗin, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Kuma ai fetur ɗin kansa yana ɗauke da nasa sabulun. A Amurka tun 1995 doka ta wajabta hakan, a 2004 kuma kamfanonin mota irin su Toyota da Honda da BMW suka fito da ma'aunin Top Tier mai ƙarin sinadari. In irin wannan kake sha kullum, kuma kana hawa babban titi, da wuya ka ga wani bambanci.

Ni tafiyata gajeruwa ce, gida zuwa aiki, injin bai gama ɗumi ba na kashe. Shi ya sa nake zuba kwalba ɗaya kafin in canza baƙin mai. A zuba lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, sannan a cika shi, kuma don Allah masu dizal ku duba, naku daban ne. Bari in buɗe murfin, hannuna har ya ƙage.