Sammy Davis Jr. da Otal-otal ɗin Las Vegas

Jama'a, assalamu alaikum. Katafaren otal ɗin da kuke hange a bayana shi ne Venetian, a birnin Las Vegas na Amurka, kuma an gina shi ne a filin tsohon otal ɗin Sands da aka rushe a 1996, inda mawaƙin nan baƙar fata, Sammy Davis Jr., ya yi tashe tare da mawaƙa Frank Sinatra da Dean Martin wajajen 1960.

An haifi Sammy a unguwar Harlem ta New York a 1925. Tun yana ɗan shekara uku yake hawa dandali tare da mahaifinsa da Will Mastin, jagoran ƙungiyar wasansu, har ya ƙware a waƙa, da wasan kwaikwayo, da kwaikwayon muryoyin mashahurai, da rawar nan ta takalmi mai ƙarfe a tafi, wadda ƙafa ce ke fitar da kiɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamansa na farko a garin nan. Zai cika zaure maƙil, farar fata su yi ta tafi, amma da an tashi sai ya tsallaka titin jirgin ƙasa zuwa unguwar Westside ya kwana a gidan haya, domin ba a ba baƙar fata ɗaki a otal ɗin. Da sunansa ya yi nauyi, sai ya ƙi yin wasa a duk inda ake irin wannan wariya, masu otal kuwa sun san asarar da rashinsa zai jawo musu.

A watan Nuwamba na 1954 ya yi haɗarin mota kusa da San Bernardino, ya rasa idonsa na hagu, amma cikin 'yan makonni ya koma dandali da baƙin ƙyalle a kan idon. Aurensa da May Britt, 'yar fim daga Suwidin, a 1960 ya jawo masa barazanar kisa, har aka cire sunansa daga masu wasa a bikin rantsar da Shugaba Kennedy, alhali ya yi masa yaƙin neman zaɓe.

Rungumar da ya yi wa Shugaba Nixon a 1972 kuwa 'yan'uwansa baƙar fata ta ɓata wa rai. A ganina an tsananta masa, domin ya daɗe yana tara wa gwagwarmayar Martin Luther King ta neman 'yancin baƙar fata kuɗi. Cutar dajin maƙogwaro ce ta yi ajalinsa a 1990, ya bar bashin haraji mai yawa.