Setsuko Hara, Jarumar Japan da Ta Ƙi Sayar da Rayuwarta

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma.

Matar da za mu tattauna a kanta yau sunanta na yanka Masae Aida. An haife ta a Yokohama a 1920. Setsuko Hara sunan fim ne da aka ba ta lokacin da ta shiga kamfanin shirya finafinai na Nikkatsu a 1935, tana 'yar shekara 15, ta hannun mijin yayarta, darakta Hisatora Kumagai. Ku riƙe sunayen nan biyu, don masu kallo sun daɗe suna haɗa mace biyu a mace guda.

Ta fara yin suna a 1937, a wani fim na haɗin gwiwar Japan da Jamus wanda Arnold Fanck ya ba da umarni. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta fito a finafinan farfagandar gwamnatin soja. Wannan yana cikin tarihinta, ba za a share shi ba. Bayan yaƙi, a 1946, darakta Akira Kurosawa ya ba ta matsayin wata matashiya mai tsayawa kan ra'ayinta a fim ɗinsa.

Amma inda ta zama abin da ta zama shi ne wajen darakta Yasujiro Ozu. Fim shida suka yi tare, daga 1949 zuwa 1961. A uku daga ciki sunanta Noriko, kuma mafi girmansu shi ne Tokyo Monogatari, wato Labarin Tokyo, na 1953. Wani dattijo da matarsa suka taso daga garin Onomichi zuwa Tokyo don ganin 'ya'yansu. Ɗan likita ne, 'yar kuma tana da shagon gyaran gashi, kowa ba shi da lokaci. Wadda ta karɓe su hannu bibbiyu ita ce Noriko, matar ɗansu da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ɗakinta ƙarami ne, sai da ta aro kayan tarbar baƙi wajen maƙwabciya.

Ku kalli fuskarta a fim ɗin. Tana murmushi, amma kana ganin nauyin shekara takwas na kaɗaici a bayansa. Ba ihu, ba birgima. Sai can ƙarshe, bayan surukarta ta rasu, dattijon ya miƙa mata agogon marigayiyar, ya ce ta sake aure, sannan ta rufe fuska da hannu ta yi kuka. Ni a ganina babu darasin wasan kwaikwayo da ya fi wannan wurin. A 2012 daraktocin duniya suka zaɓi fim ɗin a matsayi na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound.

Ozu ya rasu a Disamban 1963. A daidai wannan tsakanin ta bar fim, ta koma garin Kamakura, ta ci gaba da amsa sunanta na yanka. Ba ta yi aure ba, ta daina hira da 'yan jarida, ta ƙi a ɗauke ta hoto. Aka yi ta ƙage-ƙage, wasu na cewa son Ozu ne ya sa. Ita dai abin da ta faɗa shi ne ba ta taɓa jin daɗin aikin ba, don ta tallafi danginta ta yi shi. Na yarda da ita, kuma ban ga dalilin da zai sa mu fi ta sanin zuciyarta ba.

Ta rasu ranar 5 ga Satumba 2015 tana da shekara 95, danginta ba su sanar ba sai a Nuwamba. Bari in dakata nan, mai tambaya ya ɗaga hannu.