Ƙofar Hasken Kyamara, Daga Layin Dukawan Marwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna Marwa, babban birnin jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, na shigo layin dukawa inda ake ɗinka jaka da takalman fata. Baba, wani dattijon baduku a nan, ya ba ni izinin ɗaukarsa yana aiki, da Hausa muka gaisa, Allah ya ƙara girma.

Ku leƙa cikin gilashin kyamarar nan. Kun ga siraran ƙarafan da ke tsukewa suna buɗewa? Ramin da suka bari a tsakiya shi ne ƙofar haske. Na juya maɓallin zaɓen tsarin ɗauka na kyamara zuwa A, masu Canon ku nemi Av, ni zan zaɓi girman ƙofar, ita ta daidaita sauran.

Da lambar f ake nuna girman ƙofar. Ga f/1.8, ƙofa a wangale. Na saita a kan basillar da ke hannun Baba. Ku duba zaren, har sili-silinsa ana gani, da baƙin rini a gefen farcensa. Amma fuskarsa ta fara dishi-dishi, jakunkunan da ke rataye a bayansa kuwa sun narke, ja da ruwan ɗorawa kawai. To ga f/8, ban motsa ba. Fuska ta fito, jakunkuna sun fito har da adon jikinsu, ga yaron shago can yana yanka fata.

Lambar ce ke rikita masu koyo, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lissafin rabawa ne, ana raba milimitar da aka rubuta a jikin gilashi da lambar f: gilashi mai milimita 50 a f/2, faɗin ramin milimita 25 ne, a f/8 kuwa bai wuce shida da 'yan kai ba. Kuma daga 2.8 zuwa 4, zuwa 5.6, zuwa 8, zuwa 11, kowane taki yana rage rabin hasken da ke shiga.

Abin da ke damuna shi ne yadda matasanmu suka maƙale wa f/1.8, wai sai baya ya dusashe hoto ke yin kyau. Wallahi asara ce. Ka zo har Marwa, ka ɗauki dattijo da sana'arsa, sannan ka goge shagon da ya rene shi? Idan hannunsa kake son a gani, buɗe ƙofa. Idan rayuwarsa ce, tsuke ta.

Kada dai a wuce gona da iri. A f/16 zuwa f/22 kaifin hoto yakan ragu, kuma duk ƙurar hunturun da ta kwanta a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Da tsakar rana kuma, f/1.8 na iya ƙone hoto ya yi fari fat, don yawancin ƙananan kyamarori ba sa wuce saurin ɗauka na 1/4000 na daƙiƙa, haske sai ya yi yawa.

Baba, don Allah a ɗan ɗaga jakar nan sama, zan gwada f/4.