Wa Ya Taɓa Tambayar Kakarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka baro garuruwa daban-daban na ƙasar nan ta Ingila cikin wannan sanyi, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan ba da labari da tarihinmu, tunda rubutu ne sana'ata. To, bari in fara da wani Bahaushe da ya riga mu duka taka ƙasar nan. Sunansa Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram ne. An kama shi bawa yana yaro, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu. A 1855 Barth ya zo da shi Landan. A ƙasar nan wani ɗan mishan, Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa, aka buga maganarsa cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ke burge ni da yaron nan, bai tsaya kan labarin bautarsa ba. Ya juyo ya ƙare wa Turawa kallo, ya bayyana yadda suke zaman tebur da yadda suke cin abinci, kamar dai yadda su ma suke zuwa ƙasarmu su rubuta mu. Wajen shekara 170 ke nan da zuwansa. Mu da muke da biro da kwamfuta da waya, mu nawa ne muka rubuta wa na gida yadda muka ga mutanen nan da idonmu?

Ku lura da wani abu. Dorugu ya yi magana ne don wani ya tambaye shi. Yawancin abin da aka adana na bakin talakanmu haka ya samu, kuma mai tambayar baƙo ne. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta su da ajami. Allah ya ji ƙansu, ba don su ba da da yawa sun salwanta. Amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tatsuniya ta tsofaffin mata ce, bayan sallar isha, yara sun kewaye tabarma. Tsohuwa za ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku ce ta zo mu ji ta. In ta zo kan Gizo sai ta karya harshe ta yi tsamin bakinsa, in ta zo kan waƙa sai ku amsa. Takarda ta riƙe abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi, muryar tsohuwar kuwa ba ta shiga ba.

Tarihin sarauta ya fi sa'a. Tarihin Kano, wanda wani Bature, Palmer, ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya faɗi yaƙe-yaƙensu da shekarun mulkinsu. Littafi ne mai daraja, ban raina shi ba. Sai dai in kana neman marini na Ƙofar Mata, ko matar da ta kaɗa zaren da aka saƙa rigar sarkin, da ƙyar za ka ji ɗuriyarsu.

Shi ya sa nake yawan komawa kan Baba, mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga labarin da Turanci a 1954, bayan Baba ta rasu. Ta ba da labarin aurarrakinta, da zaman kishi, da ƙawance, da bori, da 'ya'yan riƙo, tunda ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta faɗi yadda mahara ke afka wa ƙauye su kwashe mutane, dangi su yi ta fafutukar haɗa kuɗin fansa. Da ta zo kan zuwan Turawa, sai ta faɗi abin da ba kowa ke son ji ba: akwai talakawan da suka sami sauƙi, don harin bayi ya tsaya. Ku ajiye wannan kusa da waƙar da Imam Umaru, Bakanon da ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi ta ƙasar Gana, ya yi kan zuwan Nasara, cike da takaicin yadda aka ci ƙasa. Ku tuna Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar, aka kai Sarkin Kano Alu Lokoja inda ya rasu. Malamin da tsohuwar duk namu ne, zamani ɗaya suka gani, kowa daga inda yake tsaye. Saboda haka in na ji ana cewa a rubuta tarihi da mahangarmu, nakan tambaya: tamu ta wa? Ta fada, ko ta tsangaya, ko ta cikin gida, ko ta rinji, wato ƙauyen bayi? Ni a ganina marubucin da ya ɗauki ɗaya ya danne sauran bai fi Baturen da yake zargi adalci ba. Na san akwai masu cewa tone-tone ba kyau, kowane gida da abin da ya rufe. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a tona asirin kowa. Amma kunyar faɗin cewa kakan kakanka bawa ne, ko mai bayi ne, ita ta sa jikoki ke tashi ba su san komai ba sai sunan gari.

To, ga abin da na zo roƙo. Kusan kowa a zauren nan yakan kira gida duk mako. Muna gaisawa, a tambayi sanyi, a yi maganar kuɗin da aka aika, a kashe waya. Ina so a ƙara minti goma. Kada ka ce wa Hajiya ta ba ka tarihi, za ta ce ita me ta sani, a je wurin liman. Tambaye ta wa ya yi mata kitso ranar da aka kai ta ɗaki, me aka jera mata, wace waƙa ƙawaye suka yi. Tambayi Baffa nawa ya fara biya na haraji, a ina aka auna masa gyaɗa, da ƙafa ya fara zuwa birni ko a jirgin ƙasa. Tsofaffinmu ba da lamba suke lissafin shekara ba, da abin da ya faru suke yi. Wanda ya ce maka an haifi ubansa shekarar Kakalaba, ya gaya maka wajen 1914 ke nan, lokacin babbar yunwa. Nemi izininsu, ka danna maɓallin ɗaukar murya, ka bar su su yi ta zagaye, don sau da yawa a zagayen ake samun abin. Kada ka gyara musu Hausa. Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa, Ba'are ya yi Arancinsa.

Ku kuma iyayenmu da kuka zo ƙasar nan tun shekarun 1970, kuna cikin waɗanda za a tambaya. Yadda kuka sami ɗakin haya na farko, inda kuka yi sallar Idi kafin a gina masallatai, yadda aka yi jana'izar ɗan'uwa na farko da ya rasu a nan, duk ba a rubuce suke ba. Ina ba da shawara, mai girma shugaba, a naɗa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa karɓar muryoyin nan suna rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar da aka ɗauka. 'Ya'yanmu da Hausarsu ta yi rauni su zauna da mu a fassara tare, su ma ta nan za su tsinci harshen. Ni na ɗauki nauyin duba rubutun kyauta, kuma ina nan bayan an ci abinci ga duk mai son a tsara tambayoyin da zai yi wa nasa tsohon.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.