Yadda mai zane ke ɗauko ilhama daga lungunan birnin Fas

Assalamu alaikum. Ƙofar Bab Bu Jalud ita ce mashigar tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko ta ɓangaren yamma. A 1913 aka gina ta, fuskarta ta waje shuɗin tayil ce, ta ciki kuma kore. Yawancinmu mun san Fas ne saboda zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a nan a 1815. Yau da idon mai zane za mu shiga garin: me ake ɗauka, ina ake tsayawa, da wane lokaci, kuma me ke ɓata zane a gari irin wannan.

Mu fara da jaka. Mota ba ta shiga tsohon garin, wato Fas al-Bali. Ƙafa ce, sai jaki da alfadari da amalanke, kuma wasu lungunan faɗinsu bai kai mita ɗaya ba. Don haka allon zane mai ƙafa uku ya zauna a masauki, babu inda za ku kafa shi. Littafin zane ɗaya ya isa, mai girman santimita 15 da 21, mai taurin bango yadda zai zauna a tafin hannu kuna tsaye. Takardar ta kasance mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Wadda ba ta kai 200 ba, da ta sha ruwa sai ta yi tudu da kwari, fenti ya taru a kwarin ya bushe da tabo. Ku ƙara fensir 2B, alƙalami mai bakin milimita 0.5, buroshi mai ma'ajiyar ruwa a jikinsa, tsumma, da maƙalai biyu na riƙe shafi. Ku gwada alƙalamin tun a gida: ku ja layi, ku jira minti ɗaya, ku goga jiƙaƙƙen buroshi a kai. In tawadar ta narke, ku nemi wani. Fentin ruwa kala shida ya wadatar: shuɗin altramarin, ruwan ƙasa mai ja da ake kira siyena, ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa wato oka, ja ɗaya, kore mai sanyi ɗaya, da ruwan ɗorawa mai haske. Masu fentin mai su sani ba a yarda a hau jirgin sama da tafentayin, ruwan tsinka fenti, ba.

Abin da zai fara rikita wanda ya saba zane a Kano ko Zinder shi ne rana. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya, Fas tana kan 34. A Fas rana ba ta taɓa tsayawa daidai tsakar ka, kullum ta kudu take karkata. A watan Disamba da tsakar rana, bango mai tsayin mita 2 a Kano inuwarsa ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, amma a Fas ta haura mita 3. To ku haɗa wannan da lungu mai faɗin mita biyu da gidaje masu hawa uku. Hasken ba ya isowa ƙasa kai tsaye. Saman bango yake bugawa, ya dawo kan bangon da ke kallonsa, ya sake dawowa, har ya sauko ƙasa a tausashe. Shi ya sa inuwar lungun Fas ke da ɗumi, tana ɗauke da launin bangon da ya turo ta. Wanda ya shafa baƙi a wurin ya kashe zanen. Ku haɗa altramarin da siyena su ba ku ruwan toka, sannan ku rinjayar da siyena kusa da bango mai haske, ku rinjayar da shuɗi a can sama inda sararin samaniya ke leƙowa. Ku sa ya fi yadda kuke so duhu kaɗan, don fentin ruwa yana kodewa in ya bushe.

Inuwar kuma ba ta jiran kowa. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, kuma a ƙunƙuntar hanya minti ashirin ya isa zirin haske ya tashi daga ƙofar wani gida ya koma ta maƙwabcinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne bin hasken duk inda ya koma, a ƙarshe zane ya fito da rana biyu. A minti biyar na farko ku zagaye iyakar haske da fensir, ku rubuta lokaci a gefen shafi, ku tsaya a kan haka ko da komai ya canza. Inda aka rufe saman kasuwa da ragar kara ko katako, haske yana zubowa ɗigo-ɗigo a kan mutane da kaya. Kada ku ƙirga ɗigon. Ku bar farar takarda wuri shida ko bakwai, manya da ƙanana, ku shafe sauran da inuwa.

Daga ƙofar, hanyoyi biyu ne suka gangara zuwa tsakiyar gari, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira. Gangaren nan shi ne jarrabawa ta biyu. Ku riƙe fensir a kwance daidai idonku, ku ja wannan layin a takarda kafin komai. Duk layin gini da ke kwance, irin saman ƙofa da ƙasan taga, a kan layin idon nan zai je ya haɗu. Amma gefen hanyar da ke gangarawa, a ƙasa da layin ido yake haɗuwa. In hawa kuke kallo, a samansa. Kenan mahaɗa biyu ce a shafi ɗaya, ta gine-gine daban, ta hanya daban. In kuka haɗe su wuri guda, ko dai hanyar ta miƙe ta zama shimfiɗaɗɗiya, ko gidajen su yi kamar za su kife. Kawunan mutane ma haka: a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuna tsaye, kawunan na kusa da na nesa kusan layi ɗaya suke hawa, amma a gangare na nesa suna sauka ƙasa da layin. Ƙari a kan haka, bangon tsohon gari ba a tsaye yake cak ba. Wani ya yi ciki, wani an tokare shi da katako daga bangon da ke gabansa. Ku auna karkatar da fensir ku zana ta yadda take, kada ku gyara wa magini aikinsa.

Yanzu ku dubi bakan ƙofa. Magina a ƙasar Hausa suna da nasu bakan gizo, amma na Fas da'irarsa ta wuce rabi, ta sake tsukewa a ƙasa kafin ta sauka kan ginshiƙi, kuma sau da yawa samanta yana da ɗan tsini. Hannu yakan zana abin da ya saba, sai ya fitar da rabin da'ira. Ku ja layin tsakiya a tsaye tukuna, ku zana cikakkiyar da'ira da sauƙin hannu, sannan ku yanke ta a ƙasa da cibiyarta. Wuri mafi faɗi yana saman inda bakan ya zauna a kan ginshiƙi. In mai tsini ne, cibiya biyu za ku yi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bakuna biyun su haɗu a kan layin tsakiya.

Kaɗan da shiga Tala'a Kabira akwai makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan na daular Banu Marin ya gina a shekarun 1350. A can ƙasa kusa da masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafuwarsa ga Fatima al-Fihri a 859, akwai makarantar Attarin da aka kammala a 1325. A tsakar gidan waɗannan makarantu ne masu zane suka fi shan kaye, domin ko'ina ado ne kuma hannu yana kwaɗayin kwafe shi duka. Ku ja da baya ku runtse ido kaɗan. Bangon hawa-hawa yake: a ƙasa yankakken tayil mai ƙyalli da suke kira zallij, a samansa zirin rubutu, sai sassaƙaƙƙen farin filasta, sai katakon sida mai duhu, sannan koren rufi. Wannan jeri na mai ƙyalli, fari, duhu, kore, da yadda kowane hawa ya ɗauki rabonsa na tsayin bango, shi ne abin da ya cancanci a tafi da shi gida. Ku auna rabon da fensir, ku shafa kowane hawa da launi ɗaya, sannan ku zaɓi wuri guda da bai wuce faɗin yatsu uku ba ku yi masa cikakken ado. Idon mai kallo zai cike sauran. Tauraro mai tsini takwas da ya cika zallij ba shi da wuya: murabba'i biyu ne masu girma ɗaya, ɗaya an juya shi digiri 45 a kan ɗaya. Ku zana shi babba sau ɗaya a shafi na daban, don hannu ya gane yadda aka gina shi.

Mutane kuma ba sa tsayawa. Wanda ya ratsa gabanku kuna da daƙiƙa goma zuwa ashirin a kansa. Ku fara da layin kafaɗa da inda nauyin jiki ya sauka, fuska ta zo ƙarshe ko ma kada ta zo. Jallabiyar Maroko mai hula mai tsini tana taimakawa, don siffa ɗaya ce daga kai har idon sawu. In mutum ya wuce kafin ku gama, ku jira na bayansa ku ari ƙafafunsa. Inda aka fi samun sauƙi shi ne wurin masu sana'a, domin motsi ɗaya suke maimaitawa. A dandalin Saffarin maƙeran tagulla suna zaune suna bugun tukwane da manyan farantai. Guduma ta tashi, ta sauka, ta sake komawa inda take, sai ku zaɓi matsayi ɗaya ku riƙa kama shi duk lokacin da ya dawo. Ku jingina bayanku da bango, kada ku tare ƙofar shago. In kun ji an ce “Balak!”, alfadari ne ɗauke da kaya ke tafe, ku rungume littafi ku lafe.

Ladabi yana cikin aikin. A yi sallama, a nuna littafin, a nemi izini kafin a zana fuskar kowa, musamman mata. Wanda ya ƙi, a bar shi. Cikin masallaci da zawiyya wurin ibada ne, a rufe littafi. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, don haka ita ce ranar zana gine-gine da ƙofofi ba tare da turereniya ba.

Majemar Shuwara daga sama ake kallonta, ta saman shagunan masu sayar da kayan fata, kuma za a miƙo muku na'ana'a saboda wari. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai gane tsarin ramuka nan take. Fararen ramukan na jiƙa fata ne da farar ƙasa da kashin tattabara, masu launi kuma na rini. Ku je da safe, lokacin da majema ke cikin ramuka. Kada ku zana ramukan ɗaya bayan ɗaya, layin zai karkace kafin ku kai na goma. Ku shimfiɗa ragar layuka ta dukan filin tukuna, sannan ku zuba ramukan a ciki, na nesa su fi na kusa ƙanƙanta da shafewa. Da bazara fenti yana bushewa kafin ku kai ƙarshen shafi ya bar gaɓa a tsakiya, don haka ku dama wanda zai ishe ku tun farko ku shafa ba tsayawa. Da hunturu kuwa takarda takan daɗe a jiƙe, kada ku rufe littafi sai bayan yatsa ya ji ta daina sanyi.

Duk wannan tattara kaya ne, ainihin aikin sai an koma gida, kuma a nan rubutu yake ceton mai zane. Mai zanen Faransa Eugène Delacroix ya zo Maroko a 1832 tare da tawagar jakadan Faransa, ya sauka Tanja ya wuce Miknas. Littattafansa cike suke da ƙananan zane na gaggawa, a gefensu ya rubuta launin riga da na bango da na sama, kuma ya ci gaba da zana Maroko daga gare su har kusan ƙarshen rayuwarsa a 1863. Henri Matisse, shi ma mai zane daga Faransa, ya sauka Tanja a farkon 1912 ya tarar da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, kuma ɗaya daga cikin sanannun ayyukansa na can daga tagar ɗakin otal ya yi shi. Abin da ya ɗauko manyan filayen launi ne, shuɗi a gefen fari, ba ƙananan ado ba. Ku yi koyi da Delacroix wajen rubutu: kwanan wata, lokaci, ta inda rana take, da launuka uku da suka rinjayi wurin, kowanne da ɗigon fentinsa a gefe.

In za ku mai da ƙaramin zane babba, ku raba shi gida huɗu a tsaye, huɗu a kwance, ku yi wa babban allo irin wannan rabo, ku kwashe manyan siffofi gida-gida. Ku fara da ƙananan gwaji uku masu girman katin waya, da duhu uku kawai: fari, toka, baƙi-baƙi. Wanda ya tsayu a haka shi za ku faɗaɗa. Hoton waya yana da amfani wajen tuna yawan tagogi da siffar hasumiya, amma a lungu mai haske sama da duhu ƙasa, kyamara ko dai ta ƙone saman ya zama fari fat, ko ta toshe ƙasan ya zama baƙi ƙirin. In hoto da littafi suka saɓa a kan launin inuwa, ku bi ɗigon fentin da kuka sa a gefen shafi.